Tabon Kurajen Fuska: Ba Kowanne Mai Ke Gogewa Ba

 

Yau maganar fuska za mu yi, maganar tabon da kurajen balaga ke bari bayan sun yi gaba. Na san akwai dattijon da zai taɓe baki ya ce, ana fama da zazzaɓin cizon sauro da tsadar taki, wa ke ta tabon fuska? Baba, gaskiyarka, tabo ba ya kisa. Amma a tsaya gaban kemis a bakin titin nan da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya nufi Tambuwal, a ga yadda budurwa ke ɗage gefen hijabi ta nuna kunci ta ce, "Malam, ba ni maganin wanga abu." Kuɗi ne ke fita daga gidajen da ba su da rarar kuɗi, kuma da yawa daga cikinsu abin da zai ƙara lalata fuskar ake sayowa da su. Wannan kaɗai ya isa a yi magana.

A cikin fata akwai 'yan jakunkunan maiƙo, kowace da ƙofarta a gindin gashi. Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, jakunkunan nan kan ƙara zubo da maiƙo. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar, ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a fatar kowa su sami wurin hayayyafa, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Likitoci na ƙiyasta cewa cikin matasa goma, kusan takwas sai sun yi kurajen nan, ko kaɗan ko da yawa. Ba ƙazanta ba ce, ba jifa ba ne, ba kuma alamar yaro ya matsu a yi masa aure ba ce, ko da yake da haka ake tsokanarsu. Ga masu aure nan da 'ya'ya uku suna fama da su. Ita ma gyaɗa da aka ɗora wa laifin tun kaka da kakanni, bincike bai kama ta dumu-dumu ba. Abin da aka fi samun alaƙarsa da kurajen shi ne yawan shan zaƙi da kayan fulawa, sai kuma madara ga wasu mutane.

To, kurji ya warke, ya bar shaida. A bakinmu duk tabo muke cewa, amma abubuwa uku ne daban-daban, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya komai. Duk wanda bai bambance su ba tun farko, asarar kuɗi zai yi. Gane su ba ya bukatar likita. Ki wanke hannu, ki rufe ido, ki bi wurin da yatsa. In kin ji sumul, babu hawa babu gangara, launi ne kawai ya sauya. In yatsa ya ɗan faɗa, rami ne. In ya hau kan wani abu mai tauri, tudu ne. Mai shakka ya shiga ɗaki mai duhu da madubi, ya haska fitilar waya daga gefen kunci. Rami da tudu za su yi inuwa, baƙin launi ba zai yi ba.

Mu mutanen ƙasar nan ai bai kamata a yaudare mu a kan tabo ba. Mun tashi mun ga tsagar Gobirawa da ta Kabawa a fuskokin iyaye da kakanni. An yi wa mutum ita yana jinjiri, ya kai shekara saba'in tana nan daram, ya shafa man shanu, ya shafa man kaɗe, ya shafa basilin, ko layi ɗaya bai goge ba. Dalili shi ne askar wanzami ta wuce fatar sama ta shiga ta ƙasa, kuma ita fatar ƙasa in ta yanke ɗinkewa take yi, ba ta komawa yadda take. Ramin kurji ma can ya kai. Saboda haka duk wadda ta ce miki tana da man da ke cike rami cikin mako biyu, ki tambaye ta ko man nata zai goge tsagar kakanki.

Albishir ɗin shi ne, akasarin abin da ke damun 'ya'yanmu na farkon ne, wato baƙin tabo mai sumul, kuma shi ya fi sauƙin magani. Baƙar fata tana da wadatar sinadarin launi da ake kira melanin, shi ne ke kare mu daga zafin ranar da a bazara ke haura digiri 40 a Sakkwato. Sai dai duk inda fatar ta ji ciwo, ko kurji ko ƙuna ko cizon sauron da aka sosa, sai ta zuba launin nan fiye da kima a wurin. Bature kurjinsa kan bar ja-ja ne ya wuce, mu namu baƙi yake bari. Idan launin a fatar sama ya tsaya, yakan dusashe da kansa cikin wata shida zuwa shekara guda. Idan ya nutse ƙasa, sai ya ɗauki shekaru. Abubuwa biyu ke hana shi tafiya: sabon kurjin da ke fitowa kusa da tsohon, da kuma rana.

Maganar ranar nan ita ce wadda aka fi rainawa. Mutane na cewa man kariya daga rana na Turawa ne, baƙin mutum ba ya ƙonewa. Haka ne, ba ma saurin ƙonewa, amma tabonmu rana ke ciyar da shi. Duk man da aka shafa da dare, in aka wuni a rana ba kariya, aikin baya ake maidawa. Wanda ke da hali ya sayi man kariya mai lamba 30 ko sama da haka, za a ga an rubuta SPF a jikinsa, ya shafa da safe, ya ƙara in zai daɗe a waje. Na san yana da tsada, na kuma san saurayin da ke ban ruwan albasa a gefen madatsar ruwa ta Shagari ba zai ware kuɗinsa a kan wannan ba. Shi malafa mai faɗi ta fi masa hular kwano, domin tana yi wa kumatu inuwa. Mace kuma ta riƙe lema in za ta fita da tsakar rana, don hijabi yana rufe kai da wuya ne ya bar kumatu da goshi a fili, daidai inda tabon yake.

Magungunan shafawa da aka tabbatar suna aiki ba su da yawa, kuma sunayensu ba su da daɗin faɗa, amma a daure a saurara. Akwai adafalin da ɗan'uwansa tiretinoyin, dukansu daga dangin bitamin A suka fito. Suna buɗe ƙofofin da suka toshe, suna sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri, don haka suna yaƙar kurjin da tabonsa a lokaci guda. Da dare ake shafa su, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, ba a kan tabo kaɗai ba. A fara da dare biyu ko uku a mako, saboda suna busar da fata su sa ta saɓa, musamman da hunturu, kuma in aka matsa wa baƙar fata har ta yi zafi, sabon baƙi za ta yi. Shi tiretinoyin ɗin nan tun 1971 aka amince da shi a Amurka.

Akwai kuma azelayik asid, mai ƙarfin kashi 15 ko 20 cikin ɗari, wanda ke rage kurji ya kuma dusashe baƙi. Shi ne likitoci suka fi ba mai ciki. A nan dole in ɗaga murya, domin a garuruwanmu yarinyar da ke fama da kurajen balaga sau da yawa matar aure ce: mai ciki, ko wadda ke sa ran ɗauka, kada ta shafa adafalin ko tiretinoyin. Sai benzoyil feroksaid, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar kurjin. Shi ba ya goge tabo, hana sabo fitowa yake yi, kuma a kiyaye shi da hijabi mai launi da rigar matashin kai, don yana koɗar da tufafi. Duk waɗannan, kafin a ga canji na a zo a gani sai an yi mako takwas zuwa goma sha biyu. Wata biyu zuwa uku ke nan. Wanda ya shafa kwana goma ya ce ba ya aiki, bai ba shi dama ba.

Wannan jiran ne mutane ba sa iyawa, kuma a nan masu haɗa mai suke cin kasuwarsu. A da sai an je birni, yanzu ta WhatsApp da TikTok ake turo hoton "kafin" da "bayan", a aiko robar da direban mota, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba jerin abin da ke ciki. Abin da aka fi zubawa a irin waɗannan haɗe-haɗen sananne ne: sitiroyid mai ƙarfi, da haidirokwinon, wani lokaci har da zaiba. Ko a kemis ma, mayukan tub irin su Funbact-A da Skineal da 'yan mata ke matsewa cikin man shafawarsu, magunguna ne na gaskiya da aka yi don wasu cututtukan fata na ɗan lokaci, kuma kowannensu da sitiroyid a ciki. Ba man kwalliya ba ne.

Yadda tarkon yake kamawa shi ne abin lura. Makon farko da na biyu fuska ta yi fes, kumburi ya kwanta, haske ya fito, ƙawaye su fara tambaya me kike shafawa. Sitiroyid gwanin kwantar da kumburi ne, shi ya sa. Bayan wata biyu ko uku sai ya juya: fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, wasu ƙananan kuraje masu kama da juna su feso a goshi da kumatu da ƙirji, gashi ya fara fitowa a inda ba a saba ba, nankarwa mai faɗi ta tsage damtse da cinya, ita kuwa ba ta komawa. In aka daina shafawa fuska ta yi zafi ta yi ja ta ɓare, sai a koma da gudu, mai sayarwa ta ce ai fatarki ce ta saba, ƙara wannan. Wadda ta zo da tabo biyar ta koma da hamsin. Garin gyaran gira an rasa ido.

Shi haidirokwinon magani ne in yana hannun likita, a ɗiga shi kan tabon kaɗai na 'yan watanni a dakata. NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari a kayan kwalliya ba. Amma in aka shekara ana mulka mai ƙarfi ana shiga rana, sai ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, wanda mata ke cewa ƙuna. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana wannan cuta a fuskokin mata baƙaƙe masu shafa man bilicin, kuma har gobe tana cikin mafi wuyar magani a duk cututtukan launin fata. Zaiba kuwa ƙoda take ci, tana kuma iya isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2011 sun ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙara haske. Ko mutum ya yi jayayya da adadin, idonsa ya gane masa a gidan biki. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce lamarin ya kai matsayin larurar gaggawa ta lafiyar ƙasa. Abin da nake so a gane shi ne, da yawa daga cikin 'yan matan nan ba farin fata suka fita nema ba. Tabo uku suka so gogewa, aka miƙo musu bilicin.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa irin wannan, kada ta yanke shi dare ɗaya ta zauna a gida tana kuka. Ta je asibiti a janye mata shi sannu a hankali, a kuma duba hawan jini da sukari, domin sitiroyid ɗin da aka daɗe ana shafawa a jiki duka yana ratsawa cikin jini.

Magungunan gida ma ba duka ne ke da lafiya ba. Lemun tsami a fuska sannan a fita rana, ƙuna yake yi ya bar baƙin da ya fi na kurjin. Tafarnuwa ɗanya tana sale fata. Man goge baki na haƙori ne. Zuma da kurkum ba su cika cutarwa ba, amma ba za su cike rami ba. Man gashi mai nauyi da ke gangarowa goshi, shi da kansa yana haifar da kuraje a layin gashi. Sai uwar matsala, matsa. Kurjin da aka matse da farce yakan fashe ta ciki, mugunyar ta bazu a ƙasan fata, abin da zai bar ɗan baƙi na wata uku ya koma rami na har abada. Iyaye mata da yayye masu kama fuskar yaro suna matse masa don tausayi, don Allah a bari.

Ga kuma maganar amare. Saura mako biyu ɗaurin aure uwa ta kawo yarinya ta ce, "Huskar ɗiyata ta ɓaci, a yi mata wani abu." Mako biyu ba ya isar kowane maganin tabo na gaskiya, abin da ke aiki cikin mako biyu shi ne wanda muka gama faɗar illarsa. Dilka da halawa suna sa jiki santsi, ba na musu, amma dirza fuskar da ke da ɗanyun kuraje ƙara mata ciwo ne. Tunda a al'adarmu ana sa rana da watanni, ranar da aka fara maganar kayan ɗaki a fara maganar fuskar. Wata huɗu ko shida sun isa a ga bambanci mai kyau. In kuma lokaci ya ƙure, hoda mai kyau ta rufe na ranar biki, ba ta kuma cutar da kowa.

Mu zo kan rami. Tsofaffinmu sun san zanzanar da agana ke bari kafin a kawar da cutar daga duniya a 1980, to ramin kurji ƙaninta ne. Kumburin ya cinye naman da ke riƙe da fata, wanda likitoci ke kira kolajin, wurin ya lotsa. Shi ma kala-kala ne: akwai tsukakke mai zurfi, akwai mai faɗi da gefe a tsaye, akwai wanda ke sa kunci ya yi hawa da gangara, in an ja fatar da yatsu biyu ya baje. Aikin hannu ne maganinsu, kowanne da irin nasa. Na hawa da gangaran, wasu zaruruwa ne suka ɗaure fatar suka ja ta ƙasa, sai likita ya kashe zafin wurin ya zura allura ta ƙarƙashi ya tsinke su, fatar ta taso. Wasu likitoci biyu a Amurka, uba da ɗansa, Norman da David Orentreich, su suka bayyana wannan dabara a 1995. Tsukakken ramin kuwa, ana ɗiga masa wani asid mai ƙarfi a can ƙasansa da tsinke mai kaifi don ya cike daga ciki, dabarar da likitocin Koriya ta Kudu suka fito da ita a 2002, ko kuma a yanke shi a ɗinke.

Wadda ta fi yaɗuwa yanzu ita ce tsattsaga fata da ƙananan allurai masu yawa, don jiki ya ɗauka an ji masa ciwo ya ƙera sabon kolajin. Ta dace da baƙar fata fiye da wasu hanyoyin, don ba ta cika barin baƙi ba. Akan yi sau uku zuwa shida, da tazarar wata guda ko fiye. Sai dai yanzu ana sayar da 'yar na'urar a intanet, har shagunan gyaran jiki sun fara yi wa mutane. Allura ce fa, tana fitar da jini. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Na'ura ɗaya ta bi fuskar mutum biyu, an gama. Kuma ba a yin ta a kan ɗanyun kuraje.

Lesa kuwa, wato na'urar haske mai ƙarfi da ake ta yayatawa, tana aiki, amma tsadarta da nisanta sun fi ƙarfin yawancinmu, kuma a hannun wanda bai saba da baƙar fata ba tana iya barin baƙin da ya fi ramin muni. Wanda zai je a yi masa, ya nemi ganin hotunan masu irin launinsa da aka yi wa. Duk hanyoyin nan ragewa suke yi, rami mai zurfi ya zama marar zurfi, wanda ake hangowa daga nesa ya koma sai an matso. Likitan kirki ba zai yi maka alkawarin fatar jariri ba.

Na uku, tudu, shi ne wanda nake jin tsoron a taɓa. Wasu jikinsu in zai ɗinke ciwo ba ya sanin inda zai tsaya, sai nama ya yi ta taruwa har ya wuce iyakar kurjin, ya yi tauri yana sheƙi, yana ƙaiƙayi yana suka. Keloyid ake ce masa a asibiti. Ya fi kama baƙar fata, yana bin gida, kuma ya fi son ƙirji da kafaɗa da muƙamuƙi da fatar kunne inda aka huda. Kuskuren da ake yi shi ne a kai wa wanzami ya yanke, ko a ɗaure da zare, ko a sa masa wani abu mai ci. Ko a asibiti aka yanke shi ba tare da an biyo da wani magani ba, fiye da rabi dawowa suke yi, sau da yawa su fi na da girma. Abin da ake fara yi shi ne allurar tirayamsinolon a cikin tudun kansa, duk bayan mako huɗu zuwa shida, har ya yi laushi ya kwanta, ƙaiƙayin ya lafa. Ita ma sitiroyid ce, irin wanda muka gama kuka da shi, amma a nan an auna shi an kai shi inda ake bukata. Ana haɗawa da man silikon ko faifansa da ake mannawa na tsawon watanni.

Samari, ku ma ga naku. Kurajen ƙeya da ke fitowa bayan aski, waɗanda ke fara kamar ƙwayar gero su haɗe su zama dunƙule har gashi ya daina fita a wurin, sun fi kama maza baƙaƙe masu murɗaɗɗen gashi. Wanda ya ga sun fara, ya daina ƙwalƙwal a ƙeya, ya hana mai aski bin wurin da reza, ya sassauta wuyan riga, in da hali ya mallaki kilifarsa. Da wuri, man shafawa da ƙwayoyi na iya tsayar da su. In suka dunƙule, sai allura ko tiyata.

Duk ayyukan gyaran rami da na lissafa, babu wanda ake farawa alhali kuraje na ci gaba da fitowa. Wanda kurajensa manya ne masu zurfi da zafi, irin waɗanda ke kwana biyu ba su yi baki ba, shi ne rami ke jira, kuma shi ya kamata a kai asibiti tun bana, ba sai fuskar ta gama lalacewa ba. Likita na iya ba shi doksisaikilin na kimanin wata uku tare da na shafawa, ba a sha yau a bari gobe ba, kuma ban da mai ciki. In abin ya faskara akwai aisotiretinoyin, wanda tun 1982 ake amfani da shi, kuma babu maganin da ya kai shi ƙarfi a kan manyan kuraje. Amma yana nakasa ɗan da ke ciki nakasa mai muni. Ba maganin da ƙawa za ta raba wa ƙawa ba ne, ba kuma na saye a kemis ba ne. Macen da kurajenta suka haɗu da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, ta faɗa wa likita duka ukun, domin wataƙila tushen abin a ƙwan mahaifa yake.

Sai tambayar da na san tana bakin kowa: a je ina? Likitocin fata a Najeriya ba su da yawa, kuma akasarinsu a asibitocin koyarwa suke. Mu namu mafi kusa shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ga mutumin Bodinga tafiyar ba ta da nisa, ga na ƙauyukan Shagari kuɗin mota da wunin layi ba ƙaramin abu ba ne, balle allurar da sai an koma duk wata. A nan nake da magana da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha. Sakkwato ce ke da Asibitin Yara na Noma tun 1999, inda ake sake gina fuskokin da cuta ta cinye, tare da Likitocin Na Gari Na Kowa tun 2014. Jihar da ake irin wannan aikin a cikinta ba za ta gaza koya wa likita ɗaya da ma'aikaciyar jinya ɗaya a babban asibitin Bodinga da na Shagari yadda ake allurar keloyid da yadda ake janye mutum daga man sitiroyid ba. A ware rana guda a wata ta zama ranar fata, abin da ya fi ƙarfinsu su ɗauki hoto da izinin mai shi su tura wa ƙwararre a birni. Hukumar PCN mai sa ido kan masu kemis ita ma ta leƙo, don mayukan tub ɗin nan bai kamata a riƙa miƙa su kamar alewa ba. Ku kuma masu kemis, kun fi kowa kusa da yaran nan. In ta nuna muku kunci, ku ce mata ta shafa da yatsa tukuna.

Wanda ya shirya zuwa asibiti, ya tattara duk abin da yake shafawa a leda ɗaya ya tafi da shi, har robar nan marar suna, har sabulun, kada ya ɓoye don kunya, domin da su likita zai gane abin da ya sami fatar. Mace ta faɗi ko tana da ciki ko tana shayarwa tun kafin a tambaye ta. Kuma kafin a fara magani a ɗauki hoton fuskar a bakin taga da safe, gaba da gefe biyu, a sake ɗauka a wuri ɗaya bayan wata uku, don mai kallon madubi kullum ba ya ganin canjin da ke zuwa a hankali.